Aikin ido ko wajen annabi? Ku ba ni shawara kan Mama

Autan Mama: Salama 'yan'uwa. Mamanmu yanar ido ce ta rufe mata idon dama, na hagun ma ya fara, kuma tana da suga. Mun ɗauko ta daga ƙauye wajen Sumaila, likita ya ce aiki za a yi in sugan ya sauka, ya ba mu ƙarshen wata. Kuɗin da ƙyar muka haɗa ni da yayata. To jiya Inna ƙanwar Mama ta zo ta ce akwai wani annabi mai kwanan addu'a duk Juma'a a Sabon Gari, wai da idonta ta ga makaho ya buɗe ido, kar mu yarda a sa wa 'yar'uwarta wuƙa. Amma sai an shuka iri, wato an ba shi kuɗi, kusan rabin kuɗin aikin ke nan. Mama dama tsoron aikin take. Mu 'yan cocin ECWA ne, na gaskata Allah yana warkarwa, tambayata ta yaya ake gane al'ajibin gaske da na ƙarya? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya yi magana don Allah.

Ɗan Brigade: Hawan jinin ido aiki ba ya dawo da gani, ku samo mata maganin ɗigawa kawai. Haka babana ya yi.

Autan Mama: Yana na ce Yaya, ba hawan jinin ido ba.

'Yar Kwaya: Ni dai na je irin wurin nan, ba wanda ya tambaye ni kobo. Man shafewa kawai na saya dubu 2, ciwon kan da na shekara da shi ya tafi har yau. Ku daina saka kowa a kwando ɗaya.

Ɗan Brigade: Dubu 2 a wace shekara? Matata dubu 15 ta saya, 'yar kwalba kamar ta turare, ganin annabin ido da ido kuma dubu 30.

Maman Biyu: Auta ka saurare ni. 'Yata sikila ce. Shekararta 9 ina tashi da ita tsakar dare ina gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi, wanda bai yi jinyar sikila ba bai san gajiyar da ke kai mutum wajen waɗannan mutane ba. Maƙwabciyata ta kai ni. Ya ɗora mata hannu ta faɗi, ya ce jininta ya canza, aka miƙo min makirfo na ba da shaida ina kuka 'yan coci suna tafi. Ya ce in kawo magungunanta da katin asibiti in ajiye gaban bagadi, wai in na ci gaba da ba ta to ban gaskata ba. Na kai su cikin baƙar leda, har yanzu ina ganin ledar nan a idona. Na sayar da keken ɗinkina na shuka iri. Wata 4 lafiya lau, ina ta gayyato mata. Da sanyin Janairu ya shigo ciwon ya tashi da zazzaɓi, kwana 2 ina shafa mata mai ina kiran lambarsu ana ce min in riƙe bangaskiya, ranar na ukun mijina ya ɗauke ta da ƙarfi, a cikin adaidaita sahu ta cika kan cinyata. Da na koma ko ganinsa ba a bar ni na yi ba, wani yaronsa ya ce shakkata ce ta buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Bidiyon shaidata kuwa sun fi shekara suna nunawa bayan mun binne ta. Da na sani ko gwajin jini ɗaya na je na yi.

Uwar Zumunta: Wayyo 'yata. Ubangiji ya ta'azantar da ke. Ba laifinki ba ne, ki daina ɗora wa kanki.

Katikis: Sannu da haƙuri Maman Biyu. Gwajin da kika ambata shi ne maganar. Mu a Katolika ba a kiran abu al'ajibi don mutum ya faɗi ƙasa. Lourdes a Faransa, wurin ziyarar ibada na Katolika, tun 1883 akwai ofishin likitoci da ke bin masu cewa sun warke, mutum sama da 7,000 sun kawo labari, waɗanda Ikkilisiya ta amince da su ba su kai 80 ba. Sai an ga takardun ciwon tun farko, warakar ta zo farat ɗaya, cikakkiya, ba magani ya kawo ta ba, sannan a jira shekaru a ga ko zai dawo. Fada Tansi namu na Najeriya tun 1998 Fafaroma ya ɗaga shi matsayin mai albarka, har yau ana jiran al'ajibi na biyu kafin a kira shi waliyyi.

Wutar Fentikos: Wato sai likita ya sa hannu kafin Ruhu Mai Tsarki ya yi aiki? Masu roƙon Maryamu ne za su koya mana al'ajibi? Cocin da ba a taɓa ganin ikon Allah a ciki ba shi ke da bakin suka.

Malamin Lahadi: Ɗan'uwa a hankali. Yesu da kansa ya tura kutare goma su nuna kansu ga firistoci, Luka 17, su ne masu duba kuturta a lokacin. Makahon Yohanna 9 har iyayensa aka kira suka tabbatar a haka aka haife shi. Makahon da Inna ta gani, wa ya san gidansu? Elisha ya ƙi karɓar komai a hannun Na'aman, Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa kuturtar ya kwasa. Matsafan Fir'auna ma sun mai da sanda maciji ai.

Wutar Fentikos: Ni ma ban ce a sayar da addu'a ba, faston mu bai taɓa hana kowa shan magani ba. Amma kar ku sa yaron nan ya raina addu'a.

Tsohon Soja: Annabin da ke buɗe idon makafi shi kuma da tabarau yake karanta Littafi, ya fara da kansa mana 😂 Kun manta na Afirka ta Kudu a 2019 da wai ya ta da gawa daga akwati, gawar ta tashi ta hau cin abinci?

Uwar Zumunta: Baba Soja ana maganar rasuwa kana dariya.

Nas ce ni: Duk kun bar maganar. Aikin yana ko awa ɗaya ba ya kaiwa, allurar kashe zafi ake yi a ido, ba a sa mutum barci, washegari a cire bandeji. Asibitin Ido na ECWA yana nan Kano tun zamanin mishan na SIM, har daga Nijar ake zuwa. Abin tsoron shi ne Mama ta bar maganin suga ko a sa ta dogon azumi. Auta, nawa sugan yake yanzu?

Ɗan Brigade: Dubu 60 aka yi wa surukata.

Nas ce ni: Yaushe rabonka da asibiti? Auta ya tambayi inda za a yi aikin, kar ya tafi da lissafinka.

Dattijo: A 2004 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana nuna al'ajiban da ba a tabbatar ba a talabijin, suka koma tauraron ɗan adam, yanzu ga Facebook. Auta je wurin Baba Fasto, Yaƙub 5:14 dattawan ikkilisiya ya ce a kira su yi addu'a su shafa mai. Maganar manya ce wannan, ba ta yara a waya ba.

Maman Biyu: Baba da girmanka, wane dattawan? Shekara 9 ina jinya, sau ɗaya Rabaran ya taka gidana, ranar jana'iza. Zumuntar Mata ce kaɗai ta zo da sabulu da omo da 'yan kuɗi a ƙulle. Da ana leƙo mu da ban je can ba.

'Yar Kwaya: Gaskiya kenan. Amma in baikon gini ne har gida za a biyo ka da ambulan.

Dattijo: Kin san nawa ake biyan fasto a wata? Ko kuɗin man babur babu. Mutum nawa ke ba da zakka cikakkiya a cikinku?

Uwar Zumunta: To asusun marasa lafiya da aka ce an buɗe bara fa Baba? Mu mata mun zuba namu, a taron ikkilisiya ba a karanta mana ko naira ɗaya ba.

Autan Mama: Anti Nas, da safe 11 ya nuna. Inna kuma ta ce jibi za ta zo da adaidaita ta ɗauki Mama ko na yarda ko ban yarda ba.

Dattijo: Asusun nan ma'aji ne zai amsa, ba ni ba. Ku zo taro ranar Lahadi bayan sujadar Hausa ku tambaya a gaban kowa.