Injin niƙan kafe na ya ƙi yin laushi, in buɗe shi ko in bari?

Baban Iman, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah masu sanin harkar kafe ku agaza mini, abin nan ya hana ni sukuni. Ni dai da shayi na tashi kamar kowa. Sai da aka tura mu horo Abijan wani abokin aiki ya riƙa jana shan espreso, kafen nan mai ƙarfi da inji ke matsowa, bayan azahar, daga nan bakina ya saba. Da na dawo na yi ta tari har na sayi injin espreso wajen wani da zai bar ƙasar. Injin niƙan kuwa yayana ne ya kawo mini tsaraba daga Faransa, shi da ko ƙamshin kafe bai so, cikin kuɗin sayayyar iyalinsa ya cire. Bayan salla zai zo hutu, kuma na san da shi zai fara tambayata. To ko na murɗa shi har lambar ƙarshe, garin tsaki-tsaki yake fitowa. Ruwa ya zube cikin sakan 10, ba kumfa, ga tsami. An ce mini ana buɗewa a sa wani abu ƙarƙashin haƙoran su matso. Har na yanko gwangwanin madara na ajiye. In sa, ko kar in sa?

Maman Sadiya:
Wa alaikumus salam. Wane iri ne? Mai wuƙa mai juyawa ko mai haƙora biyu? In mai wuƙa ne babu abin matsewa, sara kawai yake yi.

Injiniya na Katako:
Ƙanena, kwantar da hankalinka, wannan ƙaramin aiki ne. Injin espreso yana tura ruwa da ƙarfin bar 9 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne). In garin bai yi laushin da zai tare ruwan ba, wucewa zai yi bai ɗauko komai ba, tsamin da kake ji ke nan. Abin da ake nema, ka zuba giram 18 na gari, giram 36 na ruwan kafe ya sauko cikin sakan 25 zuwa 30. Yawancin ƙananan injinan gida don kafen tacewa aka yi su, sai a sa musu wani maƙali da ke hana haƙoran kusantar juna. Ka ga yadda mai injin unguwa ke matse faranti in mata sun ce a sake niƙa musu gari? Shi ke nan. Amma jefar da gwangwanin nan. Yankan almakashi ba ya fita daidai, haƙorin zai karkace, gefe guda na guga ɗaya na sakin tsaki. Ka samo rondel siririya, wato faifan ƙarfen nan mai huda a tsakiya, guda ɗaya tak. Cire wayar daga kuran kafin ka taɓa komai. In ka mayar, juya da hannu tukuna, in ka ji ƙarfe na gugar ƙarfe ka ja baya.

Baban Iman:
Na gode yallaɓai. Amma gwangwanin fa na goge shi da kyau, na daidaita bakinsa da sandfefa.

Injiniya na Katako:
Na ce ka jefar.

Abban Tawa:
Ni hwa ban yarda da wanga aiki ba. Motar ƙaramin inji ba ta da ƙarfi, kuma wasu giyarsu ta roba ce. In ka matse haƙora aikin ya ƙaru, ga zahin Afrilu da ka wuce digiri 40 cikin inuwa. Nawa haka ya yi, ina niƙa sai wari, sai shiru. Na kai ma wani mai gyara, kullum "dawo gobe Alhaji", daga baya na iske ya kwashe kayan ciki ya sa ma na wani. Har yau in na tuna raina ɓaci yakai. Kyautar yayanka ce, kar ka kashe ta da hannunka.

Injiniya na Katako:
Alhaji, ranka ya daɗe, naka ba matsewa ta kashe shi ba, barinsa aka yi yana ta gudu. Giram 18 nawa ne? Ka niƙa ka kashe ya huce. Mai gyaranka daban, wannan magana daban.

Hajiyar Plato:
Ni abin da ke ba ni haushi da ku maza, ku cika madafa da injina a ce kar a taɓa. Rana ɗaya na niƙa citta da kanumfari a na maigidan, mako guda yana fushi. Baban Iman, ka tabbata uwargida ba ta sa yaji a ciki ba? In man kayan ƙamshi ya daskare a haƙoran ba za su ci da kyau ba. Buroshi ka sa ka share kafin ka kama sukudireba.

Baban Iman:
Hajiya, ba mai taɓa shi, a ɗakina yake cikin kwali saboda ƙura.

Malam Sabo mai shayi:
Allah ya ba ku haƙuri, ni a teburina Nescafé da madara ake sha, ba wanda ya taɓa ƙirga mini sakan. Kuɗin sukari ne ya dame mu.

Ɗan Agadas:
Ba wanda ya tambayi kafen kansa. Yaushe aka soya ƙwayar? Kumfar nan iskar da ke cikin ƙwayar ce tun daga suya, kuma a hankali take fita. In ta yi watanni, ko ka niƙa ta yi laushi ruwa zai ratsa ta da gudu. Sannan ka juya ƴar rariyar da kake zuba garin ka duba gindinta. In rami ɗaya ka gani, mai bango biyu ce, an yi ta ne don gari mai ɗan kauri, matsewa ma sai ta toshe ta. In ramuka ne birjik, to nan ake maganar laushi.

Baban Iman:
Kafen ba shi da laifi ɗan'uwa, ni na zaɓo shi da kaina a Abijan, robusta ne mai kyau, kuma tun da na dawo yana firij.

Ɗan Agadas:
Tun yaushe ka dawo?

Baban Iman:
Ba wannan ne matsalar ba. Ƙamshinsa na nan. Garin nake gani da idona.

Maman Sadiya:
Har yanzu ba ka ce wane irin inji ba ne. Ni da zan ba ka shawara, ka nemi ƴar tukunyar nan ta Italiya, moka, wadda Bialetti ya fito da ita a 1933. Garin da injinka ke yi yanzu zai ishe ta, kan gas ake ɗora ta, ko an ɗauke kuran ka sha abinka. Yayanka ya zo ya tarar da injinsa lafiya yana aiki.

Injiniya na Katako:
Moka ko bar 2 ba ta kaiwa, ba espreso ba ce, kar a ruɗa yaro. Ƙanena, ka zo kasuwar Katako da haƙorin a aljihunka mu auna rondel daidai da shi. Na faɗa maka aikin minti kaɗan ne.

Abban Tawa:
In ya ƙone kai ka biya?

Baban Iman:
Ku yi haƙuri, ba zan iya komawa moka ba bayan kuɗin da na zuba. Mai haƙora ne, Maman Sadiya. Na buɗe yanzu, bis uku ke riƙe da na ƙasan, biyu sun fita, na ukun kansa ya fara cinyewa. Yallaɓai Injiniya, rondel ɗin ƙarƙashin na sama ake sawa ko na ƙasa? Kuma in babu siririya, gwangwanin ba zai yi na ɗan lokaci ba?

Ɗan Agadas:
Ka dai turo hoton gindin rariyar.