Wace kalma za mu sa wa alerji? Jibi zan kai takarda wurin bugu

Majo ta Mirya:
Assalamu alaikum jama'a. Ku agaza mini, ni majo ce, wato shugabar ma'aikatan jinya. Ranar Asabar muna da horon ƙarin sani a nan Damagaram kan gane alerji da maganinsa, ma'aikata za su zo daga Mirya, Magarya da Matamai. Darasin da Faransanci yake, wannan ba matsala. Amma an ɗora mini rubuta shafi ɗaya da Hausa: tambayoyin da za a yi wa marar lafiya kafin a rubuta masa magani ko a yi masa allura. Tun a layin farko na cije. Yaya zan ce alerji? Anafilaksi fa, irin alerjin nan da ke iya kisa cikin ƴan mintoci? Jibi Alhamis zan kai wa mai bugu.

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam Hajiya. Borin jini. An gama, a rufe taro.

Majo ta Mirya:
Ƙanena, da abin ya yi sauƙi haka da ban tashe ku da daren nan ba. Borin jini shi ne wanda fata ke yin ruɗu-ruɗu tana ƙaiƙayi, ya ɓace nan ya ɓullo can. Alama ɗaya ce kawai. Mai atishawa da hawaye duk hunturu fa? Mai fukar da ƙura ke tayar masa? Ba wanda zai ce borin jini suke yi.

Ungozomar Zango:
Matan da ke zuwa awo cewa suke "bai karɓe ni ba". Ko "jikina ba ya so". Ki sa abin da ke bakinsu mana, Yaya.

Lokotoro:
Nan ne gizo ke saƙar. "Bai karɓe ni ba" buhu ne, komai ana zubawa ciki. Mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini cikinta ya murɗa, bai karɓe ta ba. Dattijo ya sha madara cikinsa ya kumbura, ba ta karɓe shi ba, alhali sukarin madarar ne hanjinsa ya kasa narkarwa. Mu da muka ga zamanin kulorokin mun san ƙaiƙayin da yake sa wa, a kwana ana susa, shi ma yawanci ba alerji ba ne. Alerji na gaske garkuwar jiki ce ke ɗaukar abu marar cutarwa a matsayin abokin gaba. Irin mai saurin nan, jiki ya riga ya ƙera IgE, wani makamin garkuwa, tun haɗuwar farko, in abin ya dawo sai ƙwayoyin halittar jiki su saki histamin, sinadarin da ke jawo alamun: kumburi, ƙaiƙayi, majina, wani lokaci maƙogwaro ya toshe. Rabin horon ma kan raba waɗannan biyun yake. In aka rubuta alerji a karnen mutum, wato katinsa na asibiti, bisa kuskure, an haramta masa magani mai kyau shekara da shekaru.

Malam Mai Ritaya:
Madalla da bayanin lokotoro. Cikin maganarsa ma kalmar take, ba ku lura ba ne. Garkuwa ce ta yi zumuɗi, ta kai duka inda ba faɗa. Saboda haka: ZUMUƊIN GARKUWA. Na daɗe da ita a littafina. Ita kanta alerji ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Wani likitan yara ne a birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya haɗa ta a 1906 daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin "daban", ɗaya "aiki". In shi ya ƙera tasa, me ya hana mu ƙera tamu? Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har gobe muna lanƙwasa baki muna alerji.

Ɗan Birni:
Baba, a gafarce ni. "Iya, kina da zumuɗin garkuwa?" Wallahi cewa za ta yi ita ba ta da garkuwa sai Allah.

Baƙo daga Kano:
Mu dai a nan alaji muke cewa, kuma aiki na tafiya.

Ungozomar Zango:
Alaji? Ka tambayi mace a Zango "kina da alaji?" ta ce maka a'a, maigidan bai sauke farali ba tukuna.

Baƙo daga Kano:
To ku da kuke ce wa asibiti likita, likitan kuma lokotoro, ku ne za ku yi mana dariya?

Malam Mai Ritaya:
Ka ji irinta. Kullum sai an jira Kano ta ari kalmar Ingilishi ta murɗe ta, sannan a aiko mana a ce ita ce daidaitacciyar Hausa. Damagaram ba ƙauye ba ce, ɗana. Nan ce hedikwatar ƙasar nan kafin a mai da ita Yamai a 1926. Ba mu buƙatar lasisin kowa.

Baƙo daga Kano:
Malam, da girmanka, lasisi da hedikwata ɗin da ka rubuta yanzu daga wace rijiya aka ɗebo su?

Malam Mai Ritaya:
Waɗannan sun kwana, sun zama ƴan gida. Alerji baƙuwa ce, tana bakin ƙofa, ana iya sallamarta. Zumuɗin garkuwa.

Wani ɗalibin lafiya:
Ƙin jini fa? Tunda jini ne ya ƙi abin.

Ɗan Birni:
"Kana da ƙin jini?" Sai ka shirya dambe.

Majo ta Mirya:
Don Allah ku dawo. Bari in gaya muku abin da ya sa na damu da layin nan. Shekarun baya a wani wurin da na yi aiki, an kawo wata matashiya, za a yi mata allurar dangin penisilin. Abokin aikina ya tambaye ta yadda aka koya mana, "kina da alerji?" Ta kalle shi ta ce a'a. Ba a yi minti goma ba leɓenta ya haye, muryarta ta dishe, tana ta jan wuyan hijabinta, awon jini ya faɗi ƙasa. Allah Ya sa akwai adirenalin, allurar ceton mai anafilaksi, a akwati. Miligiram 0,5 a tsokar cinya ta waje, muka kwantar da ita muka ɗaga ƙafafu, bayan minti 5 muka ƙara. Ta tashi. Da hankali ya dawo sai uwarta, tana zaune a tabarma a baranda, ta ce "ai ko bara da ta sha wani magani sai da ta yi borin jini kwana biyu". Sun san abin, suna da sunansa. Mu ne muka tambaya da kalmar da ba su sani ba. Shi ya sa, Malam, ko da taka ta fi dacewa da ilimi, ina tsoronta kamar yadda nake tsoron alerji ɗin.

Lokotoro:
To a faɗaɗa wadda suka sani. Borin jiki. Kunne zai kama ta nan take saboda borin jini, kuma ta isa ta rufe hanci da ƙirji da fata. Borin jini ya zauna a matsayinsa, reshe ɗaya a ƙarƙashinta.

Ladanin unguwa:
Ni kalmar bori ce ba ta kwanta mini ba. Kada mutanen karkara su ji ma'aikacin lafiya da bakinsa ya ce bori, su ce ashe iska ce, su wuce wurin mai garaya.

Ungozomar Zango:
Malam Ladan, shekara nawa ana cewa borin jini, ka taɓa ganin an kira mai garaya saboda shi? Borin kunya ma ai ba a yi masa girka.

Malam Mai Ritaya:
Borin jiki ba ta bayyana komai ba. Wane ɓangare na jiki? Me ya jawo? Tawa ta faɗi mai laifin da laifinsa a kalma biyu.

Lokotoro:
Gaskiyarka Malam, a aji taka ta fi. A ɗakin allura ne ba ta da ƙafa. Anafilaksi kuwa ni a bar ta yadda take ga ma'aikata. Tun 1902 da Richet da Portier, wasu masana Faransawa, suka raɗa mata suna duniya ke amfani da shi, kuma ina son majo in ta ji kalmar hannunta ya tafi kan adirenalin, ba kan ƙwayar ƙaiƙayi ba. Wannan kuskuren shi ke kisa: a tsaya ba da maganin histamin ko kotizon ana jira. Adirenalin ɗin ga yaro miligiram 0,01 ne kowane kilo.

Ɗan Birni:
Ga marar lafiya fa? Borin jiki mai shaƙewa?

Lokotoro:
Ba kullum ake shaƙewa ba. Wani jininsa ne kawai zai faɗi, ya yanke jiki. In kun ce mai shaƙewa za a tsaya jiran shaƙewar.

Ungozomar Zango:
Mai tsanani kawai.

Baƙo daga Kano:
Zazzaɓi ma mai tsanani ne, gudawa ma. Ta yi laushi.

Majo ta Mirya:
Dare ya yi, ga abin da zan kai. Kan takarda: "Borin jiki, wato alerji". Tambaya ta farko ba zan dogara da suna ba ma: "Kin taɓa shan magani, ko cin wani abu kamar gyaɗa, ƙwai ko kifi, ko zuma ta harbe ki, sai jikinki ya yi borin jini, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya? Bayan minti nawa?" Gwajin da ake ɗiga ruwa a hannu a ɗan tsaga fata a duba bayan minti 15 na sa masa gwajin fata, ina fata ba mai ƙara. Anafilaksi na bar ta, da bayani a gefe. Malam, a layin bayani na rubuta "garkuwar jiki ce ke yin zumuɗi".

Malam Mai Ritaya:
A layin bayani. To. Da babu gara ba daɗi. Amma ki sa ta da manyan baƙaƙe, kuma ranar Asabar ki tambayi mahalarta wacce ta fi, ki dawo ki faɗa mana tsakani da Allah.

Ladanin unguwa:
Ni har yanzu ban yarda da borin ba, a rubuta.

Majo ta Mirya:
An rubuta, Malam Ladan. Wanda ya samo wa anafilaksi suna kafin azahar ɗin Alhamis ya turo, bayan nan takarda ta tafi.