"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi": ta dace da jarrabawar rana ɗaya kuwa?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Mun yi zama a kan shawarar da aka kawo ta sauya yadda ake auna ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare, wato a rage nauyin babbar jarrabawa, a ba aikin aji da gwaje-gwajen zango wani kaso na makin da za a nemi jami'a da shi. Ana cikin muhawara sai wani babba a cikinmu ya ce, "Ku bar jarrabawa yadda take, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Kowa ya yi shiru, magana ta mutu a nan. Ni dai ban gamsu ba, amma na rasa ta inda zan kama. Abin da karin maganar take nufi ke nan?

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam, Malama. Bari mu fara da ita kanta maganar. Mai ƙaton cibi kullum riga na rufa masa asiri, to amma ranar da zai yi wanka dole ya tuɓe. Ana faɗinta ne idan lokacin fayyace gaskiya ya zo, a ce wa mutum ya ajiye kunya ya faɗi abin da ke akwai. Ki lura, da mai ɓoyo take magana. Ba ta ce ranar wanka kaɗai ake sanin mutum ba, ba ta kuma ce duk abin da ke jikinsa ranar ake ganinsa ba. Abokin aikinki ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Sai dai ban ce ya yi kuskure gaba ɗaya ba, domin akwai ɗalibin da ya shekara yana fakewa a bayan aikin wasu, kuma zauren jarrabawa ne kawai ke tuɓe masa riga.

Tsohon Mai Duba Takardu: Baba, a wannan gaɓar ta ƙarshe nake tsaye. Na yi shekaru ina duba takardun jarrabawa, kuma abin da ya sa nake girmama aikin shi ne ban san mai takardar ba. Lamba ce a gabana. Ban san ɗan wane ne ba, ban san ko ya taɓa yi wa malaminsa rashin kunya ba. Ku dubi ƙasar Sin. Lokacin juyin juya halin al'adu an dakatar da jarrabawar shiga jami'a, aka koma ɗaukar ɗalibai ta hanyar shaidar shugabannin wurin aiki, sai sanayya ta yi yawa. Da aka dawo da jarrabawar, wadda ake kira gaokao, a 1977, mutum wajen miliyan 5.7 ne suka zauna, aka ɗauki kimanin dubu 270. Tsanani ne, babu musu, amma ɗan manomi ya san ƙofa ɗaya ce shi da ɗan babban jami'i. A wannan ma'anar karin maganar ta zauna daram: rana ce da babu wanda rigar ubansa za ta rufe shi.

Uwar 'Yan Biyu: Malam, na ji ka, amma bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Ɗaya daga cikin 'ya'yana shekara uku ba ta taɓa sauka daga sahun gaba a ajinsu ba. Daren jarrabawar lissafi zazzaɓi ya rufe ta, da safe na riƙe ta har ƙofar zaure tana rawar sanyi. Abin da ta rubuta ranar shi ya hana ta gurbin da take so. To cibin wa aka gani ranar? Na zazzaɓi aka gani, ba nata ba. Ni karin maganar da nake ganin ta dace ita ce, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Malamanta sun ga Larabarta sau ɗari, babu wanda ya tambaye su.

Ɗalibin Shekarar Farko: Allah ya ƙara mata lafiya, Mama, ya musanya mata da mafi alheri. Ina neman afuwa zan ɗan saɓa miki. Maganar Laraba tana da kyau, amma wa ke kallon Larabar? A Ingila an soke jarrabawar ƙarshen sakandare a 2020 saboda korona. Malamai suka ba da maki, hukuma ta sa wani lissafin kwamfuta ya daidaita, ya rage kusan kashi 40 cikin ɗari na makin, har aka yi zanga-zanga aka janye shi cikin 'yan kwanaki. A 2021 aka bar wa malamai hukuncin. Sakamako mafi daraja, wanda yake kusan kashi 25 cikin ɗari a 2019, ya haura 44, kuma makarantun kuɗi ne suka fi samun ƙarin. Ba na cewa malaman sun yi ha'inci. Mutum ne, yana son ɗalibinsa, iyaye kuma na tsaye a kansa.

Akwai kuma wani abu da ke damuna da karin maganar Larabar. Ni Larabata ba ta yi kyau ba. Sai a shekarar ƙarshe hankalina ya dawo jikina na kama karatu. Da an yanke mini hukunci da makin ajin farko, da yanzu ba na jami'a.

Dattijon Zaure: Ɗana, ka taɓo wuri mai muhimmanci. Maganar Laraba hasashe ce, ana faɗinta idan an ga alamun alheri ko akasinsa tun da wuri. Ba hukunci ba ce. Mai faɗinta ma yana jiran Juma'ar ta zo ya gani.

Malamar Kimiyya: Na gode, kun buɗe mini ido, musamman a kan cewa da mai ɓoyo take magana. Amma bari in fito da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ban iya faɗa a zaman ba. Damuwata ba ranar jarrabawar ba ce, shekarun da ke gabanta ne. An sabunta mana manhaja, an ce yara su riƙa gwaji da hannunsu, su yi bincike, su tsaya gaban aji su kare abin da suka gano. Na yi murna ƙwarai. Amma jarrabawar da za ta kai su jami'a ba ta tambayar ko ɗaya daga ciki. Da zarar an shiga ajin ƙarshe, yaran da kansu ke ce mini, "Malama, a bar gwajin nan a kawo tambayoyin shekarun baya." Kuma ba zan ga laifinsu ba. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Mu an sauya mana rawa ne aka bar kiɗan yadda yake.

Mai Karatun Tarihi: Malama, wannan ita ce karin maganar da ta kamata a kai zaman. Galibi ana faɗinta ne a matsayin nasiha, a ce mutum ya bi zamani. Ke kuma kin juyo da ita ta ɗaya fuskar, kin nuna cewa mai rawa ba shi da zaɓi, makaɗi ne ke da iko. Faransa ta ga haka ƙarara. Jarrabawar bakaloriya, wato ta kammala sakandare, tana nan tun 1808. A gyaran da aka fara aiki da shi a 2021, an ba aikin aji kashi 40, jarrabawar ƙarshe kashi 60, aka ƙara jarrabawar baka. Sannan aka sa jarrabawar manyan darussan zaɓi a watan Maris, don makinsu ya shiga takardun neman jami'a a kan lokaci. A 2023 aka yi hakan. Da ɗalibai suka ga makin da jami'a ke dubawa ya riga ya shiga, sai azuzuwa suka fara zama wayam tun kafin shekara ta ƙare. Dole aka mayar da jarrabawar watan Yuni daga 2024. Manhaja ba ta ce a daina zuwa aji ba. Jami'a ce ta daina kiɗa, rawa ta tsaya.

Tsohon Mai Duba Takardu: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma ku yi hattara, garin neman gira kada a rasa ido. Jihar Kwinslan ta Ostireliya ta soke jarrabawar waje, wato wadda hukuma ke shiryawa ba makaranta ba, a farkon shekarun 1970, ta dogara da makin makaranta, kuma ba sakaka ta bar abin ba: malamai daga wasu makarantu ke zama su duba samfurin ayyukan ɗalibai su tabbatar ma'aunin ɗaya ne. Duk da haka a 2020 ta dawo da jarrabawar waje, kashi 25 a yawancin darussa, kashi 50 a lissafi da kimiyya. In za a ba aikin aji maki, Malama, ki tambaye su wa zai duba mai dubawa, kuma an ware wa wannan aikin lokaci da ma'aikata ko kuwa a takarda kawai yake.

Dattijon Zaure: Kafin mu watse, akwai kalmar da duk muka tsallake a karin maganar farko. An ce ranar wanka. To wanka sau ɗaya ake yi a rayuwa? Wanda ya kawo ta don kare jarrabawar rana ɗaya ya manta cewa mai wanka gobe ma zai koma. A Finlan ana zama jarrabawar kammala sakandare sau biyu a shekara, ɗalibi na iya rarraba darussansa a zama uku a jere, yana kuma iya sake darasin da bai gamsu da makinsa ba. Ko a Sin, gyaran da aka fara a Shanghai da Zhejiang a 2014 ya ba ɗalibi damar zama jarrabawar harshen waje sau biyu a ɗauki mafi kyau. A can Sin mai duba takarda har yanzu bai san sunan kowa ba, amma zazzaɓin dare ɗaya ba ya rushe shekara uku.

Tsohon Mai Duba Takardu: Baba, sharaɗina ɗaya ne: zama na biyun ya kasance kowa na iya samunsa. In sai mai hali ne zai iya maimaitawa, mun koma gidan jiya.

Uwar 'Yan Biyu: Na amince da sharaɗin, Malam. 'Yata ba ta taɓa neman a ba ta makin da ba ta rubuta ba. Da an ce mata ta dawo bayan wata uku ta sake zama, a gaban mai sa ido, a takardar da ba sunanta, wallahi da gudu za ta je. Malama, in kun koma zaman, don Allah ki kai musu wannan.