Gajeren fim na farko da naira 150,000: ta ina ya kamata in fara?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Na daɗe ina sha'awar shirya gajeren fim, kuma a bana na samu na tara naira 150,000 daga ɗinkin da nake yi. Labarin da na rubuta na wani yaro ne da mahaifiyarsa ta aika da kwanon tuwo zuwa gidan kakarsa, sai miyar ta zube a hanya, ya rasa yadda zai koma gida, ya kuma rasa yadda zai ƙarasa. Rubutun ya kai shafi 22, kuma akwai wurare bakwai a ciki, har da cikin Kasuwar Kurmi da wata fitowa ta dare. Niyyata ita ce in ɗauki hayar babbar kyamara ta kwana biyu, amma da na yi lissafi sai na ga hayar za ta cinye fiye da rabin kuɗin. Wayata tana ɗaukar hoto mai kyau, sai dai ina tsoron kada a raina aikin. Ina roƙon shawararku.

Mai Tace Hoto, Titin Zoo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin maganar kyamara, ka koma kan rubutunka, domin a ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya a allo, wato abin da ke hannunka fim ne na minti 22, wanda kuɗinka ba za su iya ɗauka ba. Ka mayar da shi shafi bakwai ko takwas, wurare uku: ɗakin girkin uwar, lungun da miyar ta zube, da zauren kakar. Kasuwar Kurmi kuwa ka cire ta. Lungunanta matsattsu ne, jama'a ba za su daina kallon kyamara ba, kuma babu ɗan kasuwar da zai dakatar da ciniki saboda kai.

Kada ka ɗauki hayar kyamara. Mai kallo yana yi wa hoto afuwa idan ya ɗan yi rauni, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa zai bar fim ɗin. Na koyi wannan ne da tsada. A aikina na farko mun yi yini guda muna ɗaukar wata muhimmiyar fitowa a ƙofar wani gida, kowa yana murna, sai da na zauna tacewa na sa abin sauraro a kunne na gane cewa injin markaɗe na maƙwabta yana ta gurnani a ƙarƙashin kowace kalma, ga ham ɗin adaidaita sahu yana sara maganar jaruma gida biyu. Babu wanda ya ji shi a wurin, domin kunnenmu ya saba. Dole muka sake tara mutane bayan mako biyu, a lokacin kuma jarumin ya riga ya yi aski.

Saboda haka ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ka haɗa shi da waya ta biyu wadda za ta zauna a aljihun ɗan wasa, kuma ka sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sauraro. A farkon kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, domin da wannan tafin za ka daidaita murya da hoto a wajen tacewa. Kafin ku bar kowane wuri, kowa ya yi shiru na minti ɗaya ka naɗi sautin wurin, shi ne za ka riƙa cike giɓi da shi. Tacewar kanta ba sai ka biya kuɗin manhaja ba: DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta idan ka samu kwamfuta mai ƙarfi, in ba haka ba CapCut za ta isar maka a waya.

Hajiya Mai Kula da Shiri:

Ɗana, abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, ni kuma zan yi maka maganar mutane, domin su ne suke tarwatsa ƙaramin aiki. Waɗanda za su taimake ka ba don kuɗi ba ne, saboda haka abincinsu da ruwansu da kuɗin motarsu hakki ne a kanka, kuma ka ware musu kasonsu tun kafin ka sayi komai. Ka kuma tuna cewa labarinka na ɓarin miya ne: idan za a ɗauki fitowar sau shida, sai ka tanadi miyar da za ta zube sau shida, da riga biyu iri ɗaya ga yaron, domin rigar da miyar kuka ta ɓata ba ta komawa yadda take. Ka ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya kafin a fara, don kada hula ta canza gefe tsakanin fitowa da fitowa.

Yaron da zai ja fim ɗin kuwa sai da yardar iyayensa, kuma ya fi kyau wani babba daga gidansu ya kasance a wurin. Ka je ka gaida mai unguwa tun da mako guda, ka gaya masa rana da lokaci, ka sanar da masu gidajen da ƙofofinsu za su fito. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, ka tambayi abin da ake bukata na rajista da tantancewar hukumar kafin ka saki fim ɗin, ko da a YouTube za ka ɗora shi. Kada ka dogara da abin da aboki ya gaya maka a majalisa. Batun raini kuma, ka sani cewa ƙungiyar Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990 'yan wasan daɓe ne da suka shiga harkar da kyamarar bidiyo ta kaset, kuma wayar da ke aljihunka ta fi ta fitar da hoto nesa ba kusa ba.

Ɗalibin Bayero:

Ina neman afuwar Malam, amma ina ganin ya sassauta wa hoto da yawa. Waya tana yin abin kirki ne idan akwai haske, idan babu shi sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo, shi ya sa nake ba ka shawara, ɗan'uwa, ka mayar da fitowar dare zuwa bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi laushi. Tsakar rana a Kano tana jefa baƙar inuwa a ƙarƙashin ido, sai dai idan ka dace da hazon hunturu, wanda yake tausasa haske. A cikin ɗaki ka zaunar da ɗan wasa kusa da taga, wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen don ya mayar masa da haske a fuska. Ka kulle haske da saitin gani (focus) a wayar don kada su riƙa sauyawa da kansu, ka kwantar da ita a kwance, ka ɗora ta a kan ƙafar kyamara. Idan dole ne ka yi aiki da ƙwan lantarki, ka ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, saurin rufewa kuma (shutter speed, wato tsawon lokacin da idon kyamara yake buɗewa ga kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa, saboda wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma rashin daidaita su ne yake sa hoto ya riƙa ƙyafta ido. Kowace yamma ka kwafe abin da ka ɗauka zuwa wuri biyu kafin ka kwanta.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na zauna na rage rubutun zuwa shafi tara, na cire kasuwa, na mayar da dare yamma. Hajiya, mahaifiyata ta yarda za ta kaɗa miyar, amma ta ce sai na biya kuɗin kuka da daddawa. Malam, akwai injin markaɗe a bakin lungun da na zaɓa, kuma mai shi ya ce ba ya tayar da shi sai ƙarfe tara na safe. Shin awa biyu daga ƙarfe bakwai za su ishe ni ɗaukar fitowar ɓarin, ko in nemi wani lungun?