Wai Iya ba ta taɓa yaji ba?

Babban jika: Assalamu alaikum. Jiya a wajen sadakar bakwai ta Iya wani dattijo ya faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ya ce tun shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, aka kai ta ɗakin Baba Tsoho, kuma har ya koma ga Allah ba ta taɓa yaji ba, ko na yini ɗaya. Aure kusan shekara sittin! Ina so 'yan matan gidan nan su ji. Haƙuri ne kaɗai ya riƙe auren nan. Allah Ya jiƙan ta.

Auta: Amin. Allah Ya sa ta huta.

Goggo: Amin summa amin. Amma ɗana, maganar ba haka take ba. Iya ta yi yaji. Ni ce a bayanta ranar, kuma da bakinta ta ba ni labarin, ba sau ɗaya ba.

Babban jika: Haba Goggo. Ko arba'in ba a yi ba, za mu fara tone-tone?

Goggo: Ba tone-tone ba ne, uwata ce. A farin 1973 aka yi, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Gero ya bushe a tsaye, rumbu wayam. Iya tana da awaki uku, duk da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tara su, da abin da ta kwasa a adashi. Baba ya kwance su ya kai kasuwar Ringim bai ce mata ko uffan ba. Ya auno hatsi, ya rage kuɗin jirgin ƙasa don ya tafi Kano cin rani. Ta dawo daga gidan suna ta tarar da igiya a turke. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tuƙa tuwon dare, ta kai wa surukarta nata, asuba na yi ta goya ni sai gidan ubanta. Ta fi mako biyu a can.

Baffa: Ƙanwata, ki faɗi ɗaya ɓangaren ma. Ba ƙarin aure Baba ya yi da kuɗin ba. Baki tara ne a gidan, ana dafa tafasa da dusa. Wane magidanci ne zai zuba ido ga akuya a turke yara na kukan yunwa?

Goggo: Yaya, ita ma ba ta ce ya yi almubazzaranci ba. Cewa ta yi da ya tambaye ta, da ita za ta kwance su da hannunta ta miƙa masa. Rashin tambayar ne ya ƙona mata rai. Ta ce in ta yi shiru ranar, gobe kwanukan jerenta za a ɗauka.

Alaramma: Salamu alaikum. Abu biyu ne, kada a cakuɗa su. Dukiyar mace tata ce a shari'a, miji ba shi da ikon taɓa ta sai da yardarta, ko da yunwa ake. Wannan babu ja. Amma fita daga gidan miji ba da izininsa ba, malamai ba su yaba shi ba, kuma ba zan so yara su ɗauka an buɗe musu ƙofa ba. Abin da Alƙur'ani ya nuna a Suratun Nisa'i, aya ta 35, shi ne a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata.

Goggo: Allah gafarta Malam, to wa zai tashi masu sulhun in ba wanda ya san an yi ɓarna? Matar kulle a ƙauye a wancan lokaci, ba waya, ba wasiƙa. Ƙafarta ce kawai za ta kai ƙara. Kuma abin da ayar ta ce shi aka yi: yayan Baba da liman suka je biko da goro, kakanmu ya zaunar da su a zaure, ya ce 'yarsa za ta koma amma a biya ta awakinta.

Alaramma: Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Khaula 'yar Sa'alaba ma ƙarar mijinta ta kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har Suratul Mujadala ta sauka. Ni dai a kan kwanan mako biyun nake da magana.

Baffa: Biyan kam an yi, ina da wayo lokacin. Ɗaya bayan ɗaya ya saya. Ta ukun ta ja lokaci, saboda cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 ta karya kowa. Sai shekarar da aka kwashe mu zuwa makarantar firamare ta kyauta, wato UPE, 1976, ya cika. Daga nan ko kaza Baba bai ƙara kamawa ba sai ya tsaya bakin ƙofarta ya nemi izini.

Babban jika: To ai kun dawo kan maganata. Ta koma, ta jira shekara uku ana biyanta, ta ƙara kusan shekara hamsin. In wannan ba haƙuri ba ne, mene ne?

Amaryar gida: Yaya, ba wanda ya ce Iya ba ta yi haƙuri ba. Kalmar "kaɗai" ce matsalar, da kuma "ba ta taɓa ba". Ka san abin da ake yi da irin wannan yabon? Bara wata ƙawata ta zo gida da kumburarren ido, aka ce ta dubi tsofaffin garin nan da ba su taɓa taka ƙofa ba, aka mayar da ita a daren, ba wanda ya kira mijin ya tambaye shi. Ita Iya ubanta ya tsaya mata. Wannan ɓangaren ake yankewa in ana ba mu labari.

Babban jika: Ban yi nufin haka ba, ƙanwata, Allah Ya sani. Amma har yanzu ina ganin bai dace a tayar da wannan a zaman makoki ba.

Baffa: Ni ma da so samu ne a bar shi a cikin gida.

Goggo: Ita ba ta ɓoye shi ba, Yaya. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ta sake ba ni shi tana hawaye, ta ce ba kowane namiji ne zai biya akuya uku a shekarun yunwa don ya wanke laifinsa ba. Yabon Baba take yi. Ranar arba'in, in Allah Ya kai mu, zan zaunar da 'yan matan a tsakar gida in ba su shi duka, har da igiyar da ta tarar a turke.