Ciki wata biyu: in hau doki ko in haƙura?

'Yar Tibiri:
Salamu alaikum 'yan uwa. A gidanmu da dawaki muka tashi, tun ina ƙarama Baba ke ɗora ni kan kilinsa. Ƙanena zai yi aure bayan Sallah, an ce mu yayye mata za mu hau mu ɗan yi kilisa a ɗauki hoto. To ciki gare ni sati 8, ban da maigida ba wanda ya sani, ga jiri kullum da safe. In na ƙi hawa, gwaggonnina za su gane. Girgizar doki tana zubar da ciki?

Ungozoma, Zariya 2:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin sati 12 mahaifa tana can ƙasa cikin ƙashin ƙugu, a kāre take, kuma yawancin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin yake tun asali. Don haka tafiyar doki a hankali ba ita ke ba ni tsoro ba. Faɗuwa ce, da harbi. Ke da kanki kin ce jiri. Farkon ciki matsin jini yakan yi ƙasa, ga zafin Maradi, ga ki bisa sirdi ƙafa cikin likkafa. Shi ya sa likitocin mata suke sa hawan doki cikin abin da mai ciki za ta bari. Ki haƙura. In kin ga jini ko mara ta riƙe ki, ki tafi asibiti a yi miki eko (hoton ciki) ranar, kada ki jira ranar awo.

Mai Barga:
Hajiya, shekara 20 ina turke doki. Wanda yake lafiya lau a barga, ranar biki wani doki ne daban. Algaita, guɗa, yara na ratsawa ta ƙarƙashinsa, wani ya saki bindiga. Bara akawal ɗina da ko yaro ke ja ya zabura ya kayar da ni, sati 3 ina ɗingishi.

Maman Biyu:
To kabu-kabun da muke hawa zuwa awon fa? Ni har wata 7 ina kansa.

Ungozoma, Zariya 2:
Shi ma in da adaidaita, ita ta fi. Amma wancan dole ce, wannan hoto ne.

'Yar Tibiri:
Na gode Anti. Zan tsaya gefe in riƙe linzami a ɗauke ni.

Mai Barga:
Ta gaban kafaɗarsa dai, kada ki bi ta bayansa.