Neman kalmar Hausa: ƙungiya ta dawo da sabon kundi, ta haɗa rok da hip-hop

Sadiya, Jekadafari:
Assalamu alaikum malamaina. Ana so a karanta labarin nishaɗi a rediyo, ga kuma kalmomi sun tsaya a wuya. Ƙungiyar mawaƙan pop ce ta yi shekaru shiru, sai ta fito da abin da Turawa ke kira comeback album, a ciki ta haɗa rok da hip-hop. Me za mu kira kundin, me kuma za mu kira haɗin?

Malam Garba, Pantami:
Wa alaikumus salam 'yata. Masu sauƙin dai an gama da su. Album kundin waƙoƙi ne, faifai kuma ya tsufa tun da aka daina sayen sidi. Pop waƙoƙin yayi. Hip-hop gambarar zamani, kafafen labarai sun daɗe suna faɗin haka. Rok a bar shi rok. Don Allah kada wani ya ce kiɗan dutse, domin sunan daga girgiza da rangaji ya samo asali, babu ruwansa da duwatsu.

Comeback kuwa ni kome nake kira. Hausa ta riga ta tanadi kalmar: an rabu, an yi zaman nesa, an sake ɗaurawa. Kundin kome.

Auwalu, Bolari:
Baba, da girmanka, kome ba ya hawa kowace ƙungiya. Sai an yi saki ake kome. Jonas Brothers sun watse a 2013, suka sake haɗuwa suka saki Happiness Begins a 2019, wannan kome ne tsantsa. Amma Fall Out Boy hutu suka ce sun tafi a ƙarshen 2009, ba su ce sun rabu ba, sai ga Save Rock and Roll a 2013, har da baitin ɗan gambara Big Sean a ciki. Su nasu kundin dawowa ne. Sannan a rubuce wasu na rubuta komai da kome, mai karatu zai iya ɗauka kundin tarkace ake nufi.

Malam Garba, Pantami:
Na karɓi ta farko. Ta biyun ba ta dame ni ba, jimla ce ke raba gardama.

Sadiya, Jekadafari:
To haɗin fa? Wata ta ce haɗin gambiza.

Injiniya Bala, Tudun Wada:
A'a ƙanwata, gambiza hukunci ne, ba suna ba. Idan kika faɗe shi a labarai kin riga kin ce aikin bai yi kyau ba. Gauraye kuma ya yi sako-sako, kamar an zuba an juya. A sitidiyo ba haka ake yi ba, dole ɗaya ya zama gindi ɗaya ya zama reshe.

Tun daga gudu ake farawa. Gambara ta fi zama tsakanin bugu 85 zuwa 100 a minti, rok kuwa yakan kai 120 zuwa 160. Idan aka matsa wa ɗan gambara a 150 zai riƙa haɗiye kalmomi. Dabarar ita ce a bar waƙar a 160 ɗin, amma a baiti mai ganga ya raba bugun biyu, kunne ya ji 80. Da an shiga amshi sai ya saki cikakken gudu. Shi ya sa ake jin amshin kamar an buɗe dam, alhali ainihin gudun waƙar bai canza ba. Baiti bar 16, wato rukunin bugu huɗu-huɗu sau 16, amshi 8, shi ne tsarin da aka saba.

Inda aka fi yin ɓarna sautin ƙasa ne, wato sauti mai kauri da ake kira bes. Bes ɗin 808, wanda ya samo suna daga injin ganga na Roland TR-808 da ya fito a 1980, yana zaune ne wajen haz 40 zuwa 80, haz kuwa shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti. Jitar bes da babbar ganga ma can suke. Ka saki ukun tare, sifika ta yi ta gurnani babu wanda aka ji. Sai a raba musu aiki: 808 a baiti, jitar bes a amshi, ko a sa kwamfiresa, na'urar da ke rage ƙarfin sauti, ta riƙa danne 808 duk lokacin da ganga ta sauka. Kuma a saita 808 a kan kii ɗin waƙar, wato matakin sautin da aka gina ta a kai. Yara da yawa suna mantawa cewa nota ce, ba duka kawai ba, sai ka ji jita na gabas bes na yamma.

Sai sautin sama, wato siriri. Jitar lantarki mai ƙara tana cika haz 2,000 zuwa 4,000, daidai inda sautin baƙaƙe, wato haruffan da ba wasula ba, yake fita. Mawaƙin rok yana jan wasali, ya tsira. Ɗan gambara kuwa da baƙaƙe yake cin abinci. Saboda haka ana ɗaukar jitar sau biyu, a tura ɗaya hagu ɗaya dama, a bar murya a tsakiya, a yanke wa jitar duk abin da ke ƙasa da haz 100, a kuma rage ƙarfin sautinta da desibel 2 ko 3 a wajen 3,000 yayin baiti. Sau biyun nan a kaɗa su da gaske. Idan kwafe ɗaya aka yi aka liƙa, sautin tsakiya zai dawo ya zauna a kan muryar.

Wannan duk mai lambu ya san shi. Aure ake kiransa, kamar mangwaro mai aure: saiwa ta wani, 'ya'ya na wani. Ni auren rok da gambara nake ba da shawara.

Hajiya Talatu, Herwagana:
Injiniya ka kawo ta. Ko a 1986 da 'yan gambara Run-DMC suka sake yin waƙar Walk This Way tare da ƙungiyar rok ta Aerosmith, gangar gambara ce gindi, jita ta hau kai, kuma aikin ne ya farfaɗo da Aerosmith. Abin da nake tsoro ɗaya ne: kome ga aure a jimla guda, mai sauraro a Kumo ko Dukku zai zaci ɗaurin aure ake sanarwa. A kanun labari a ce haɗin rok da gambara, a ajiye aure sai an zo sharhi.

Auwalu, Bolari:
Anti, haɗi bai nuna wane ne gindi ba.

Hajiya Talatu, Herwagana:
Kanu ba wurin wannan ba ne ɗana. Mai sharhi ya faɗa.

Sadiya, Jekadafari:
Na gode ƙwarai. Ga yadda zan karanta: ƙungiyar mawaƙan yayi ta saki kundin dawowa, inda ta haɗa rok da gambarar zamani. Zan duba ko watsewa suka yi, in haka ne na mayar da shi kome.

Malam Garba, Pantami:
Ki duba da kyau. Wasu sun watse sarai, manajansu ne ke cewa hutu.